Muryar da Ke Kunnen Baba

Da na yi niyyar tsallake wannan babin, in wuce kai tsaye zuwa shekarun da na fara koyarwa. Fa'iza ce ta hana ni, don haka ku yayyenta ku gode mata ko ku ji haushinta. Makonni uku da suka wuce ta shigo ɗakina idonta jawur, ta ce dangin yaron da ke neman aurenta sun je bincike Fagge, tsohuwar unguwarmu. Wani dattijo ya ce musu gidan mutunci ne, babu abin kushewa, sai dai kakanta na wajen uwa ya taɓa samun taɓin hankali, kuma an san irin wannan ciwon yana bin jini.

"Umma, gaskiya ne?" in ji ta.

Na ce mata ba gaskiya ba ne.

"To me ya sa duk Fagge suka sani, mu jikokinsa ba mu sani ba?"

A ranar kawar da zancen na yi. Ga amsar nan yanzu, kuma a rubuce, don kada wani ya ƙara mata gishiri bayan raina.

Mahaifina, Malam Garba, Allah Ya jiƙansa, makanikin manyan injuna ne a wata masaƙa. Kullum da sassafe yake hawa kekensa daga Fagge, ya dawo bayan la'asar yana warin baƙin mai. Mutum ne da ba ya son hayaniya, amma idan aka taɓo zancen inji sai ka rasa inda za ka sa kanka. A wurinsa inji ba ƙarfe ba ne kawai. Yana cewa kowane inji da muryarsa, kuma wanda bai san muryar injinsa ba bai isa a kira shi makanike ba. Muna cikin cin tuwo sai injin niƙan maƙwabcinmu ya tashi, sai ku ga Baba ya dakata da loma a hannu, ya karkata kai.

"Injin nan mura yake yi," zai ce. "Yana gaya musu a canza masa bel, amma ba mai jin sa."

Inna, kakarku, ba ta barin irin wannan ta wuce.

"Kai dai da za a ɗaura maka aure da inji da ka huta da ni. Shi idan ya yi tari ka ji, ni ina magana tun ɗazu ba ka ji ba."

Ashe da gaskiyarta, ba mu lura ba. Kunnensa ya fara nauyi tun lokacin. Ban da aikin masaƙa, shi ne na'ibin liman a ƙaramin masallacin da ke ƙofar gidanmu. Duk ranar da liman ba ya nan, shi yake jan salla, kuma muna jin karatunsa daga tsakar gida. Ba a ɗaura aure ko a raɗa suna a layinmu ba tare da an nemi Malam Garba ba. Wannan matsayi ya fi masa albashin masaƙa daraja, ko da yake bai taɓa faɗa da bakinsa ba.

Ni kuwa a shekarar ina aji huɗu a sakandaren 'yan mata, kuma kaina ya kumbura ƙwarai. Ni nake zuwa ta ɗaya a Turanci. Duk wanda aka aiko wa wasiƙa a layinmu, ko takardar asibiti, ko ta makarantar ɗansa, wurina ake kawowa. Har suna aka sa mini, Baturiyar Fagge, ina yi kamar ba na so alhali daɗi nake ji. Mu uku ne mata a gidan, ni ce babba, kuma duk Baba ya sa mu boko. Yayansa, Baffa Sani, ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shi ne babban gida, kuma tun farko bai so hakan ba. Ba mugun mutum ba ne, ya taimake mu sosai daga baya. Ya dai yi imani cewa boko yana sa 'ya mace ta fi ƙarfin gidan ubanta, kuma ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi a unguwar ba. Magidanta da yawa ido suka zuba mana, suna jiran su ga yadda gwajin Malam Garba zai ƙare kafin su yanke shawara a kan nasu 'ya'yan.

Da abin kunnen ya matsa wa Baba, har barci ya fara gagarar sa, sai ya faɗa wa shugabanninsa a wurin aiki. Suka ba shi takarda ya je wurin likitan da ke duba ma'aikatansu, a wani ƙaramin asibiti a Sabon Gari. Likitan matashi ne daga kudu, bai daɗe da zuwa Kano ba, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Ma'aikaciyar jinyar da take yi masa tafinta kuma ta tafi hutun haihuwa. Baba yana da ɗan Turancin wurin aiki, wanda ya ishe shi neman sifana, amma bai kai na bayyana ciwo ba. Sai ya ce in shirya in raka shi. Har yau ina tuna yadda ya tsaya a ƙofar masallaci ya gaya wa mutanen da ke zaune cewa Rabi ce za ta yi masa Turanci da likita. Na sa sabon mayafina, ina tafe a bayansa kamar ni na gina Sabon Garin.

Likitan ya karɓe mu da fara'a, ya tambayi abin da ke damun Baba. Baba ya juyo gare ni.

"Ki gaya masa wata murya ce nake ji a cikin kunnena. Ba ta tsayawa, dare da rana. Wani lokaci ma biyu ce, wata siririya, wata mai kauri."

Ban yi tunanin komai ba. A littafinmu na makaranta, murya ita ce *voice*. Tunda kuma ya ce biyu ce, sai na ƙara mata harafin jam'i, don likita ya san ba ƙaramar ɗaliba aka kawo masa ba. Na gyara zama na ce: "He is hearing voices."

Na ga likitan ya ajiye bironsa ya dubi Baba da kyau. Ya tambaya ko wani ma yana jin abin. Baba ya ce a'a, shi kaɗai yake ji, ya sha tambayar Inna ta ce ba ta jin komai. Na fassara. Likitan ya sake tambaya, a hankali, ko suna gaya masa wani abu. Na mayar wa Baba da tambayar yadda take. To, mutumin da ya shekara ashirin yana cewa injuna suna gaya masa kaza da kaza, me kuke zaton zai ce? Dariya ya yi.

"Ai kuwa tana gaya mini. Cewa take yi, Garba, ka gaji, ka bar aikin nan ka je ka kwanta."

Wannan ma na fassara shi tsaf, kalma bayan kalma, ban bar ko ɗaya ba. Dariyar ce kaɗai ban fassara ba, don ba a koya mana hakan a aji ba. Likitan ya daɗe yana rubutu. Ya ba mu ƙwayoyi, ya ba Baba wata takarda a cikin ambulan a liƙe ya kai wurin aiki, sannan ya yaba mini Turancina. A hanyar gida Baba ya saya mini rake a mahaɗar Bata, ya ce na fitar da shi kunya.

Akawun da ya buɗe ambulan ɗin a masaƙar ɗan unguwarmu ne. Kafin Baba ya dawo gida a kan kekensa, labari ya riga shi isowa Fagge: likita ya rubuta cewa Malam Garba yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, kada a bar shi kusa da inji. An ce ya je ya huta, daga baya aka sallame shi. Shi kansa bai fahimci abin da takardar take nufi ba sai da ya ga yadda ake kallonsa. Ƙwayoyin kuwa suka ƙarasa aikin. Suka sa shi barci da rana tsaka, jikinsa ya yi nauyi, hannunsa ya fara rawa, idan aka yi masa magana sai ya daɗe kafin ya amsa. Duk wanda ya zo dubiya ya fita yana girgiza kai, ya ga abin da aka gaya masa da idonsa. Inna ta shiga neman rubutu da hayaƙi, gidanmu ya cika da warin jijiyoyin itatuwa. Baffa Sani ya ce aljanun masaƙa ne, dama wurin da ƙarfe ke kuka dare da rana ba ya rasa su. Ya kuma ce lokaci ya yi da zan zauna a gida in taimaki Inna. Baba yana kwance a kan tabarma, idonsa a rufe, muna zaton barci yake yi.

"Yaya, a bar ta," ya ce.

Akwai wata la'asar da ba zan manta ba. Liman ya yi tafiya, Baba ya ɗan ji ƙarfi, ya yi alwala ya fita. Ina tsakar gida ina wanke-wanke, na ji an tayar da iƙama, na saurara in ji karatunsa ko da kabbara ce. Muryar da ta yi kabbarar ba tasa ba ce. Da ya shigo sai da Inna ta matsa masa sannan ya faɗi abin da ya faru. Ya ce ya taka gaba kamar kullum, sai wani ya riƙe masa hannun riga a hankali ya ce, Malam Garba, ka huta, jiki da jini. Ya ce mutumin cikin ladabi ya faɗa, ba da raini ba. Na ji tausayinsa har na yi kuka a bayan ɗaki, ina cewa Allah Ya saka masa a kan duk wanda ya jawo masa wannan. Ban san kaina nake kai wa ƙara ba.

An yi kusan wata uku a haka. Malamarmu ta Turanci wata mata ce mai suna Misis Eze. Iyayenta daga kudu maso gabas suka zo, amma a Sabon Gari aka haife ta, tana jin Hausa kamar jakin Kano, kuma idan muka ƙure ta da Hausar take yi mana faɗa. Wata rana tana raba mana takardun insha'i, sai ta ɗaga ta wata yarinya da ta rubuta cewa *voice* ɗin babbar mota ya tashe ta daga barci. Ta je allo ta rubuta kalmomi uku, *sound* da *noise* da *voice*, ta ce yau sai mun rabu da wannan rikici.

"Duk abin da kunne ya kama, *sound* ne," in ji ta. "Idan ya dame ki, ko ya yi yawa, ko ba ki so, ya zama *noise*. Amma *voice* sai daga maƙogwaron mutum. Mota ba ta da *voice*, inji ba shi da *voice*. Duk wadda ta je ta ce wa likita tana jin *voices* alhali ba mai magana, to ta shirya, asibitin masu taɓin hankali za a tura ta."

Aji ya fashe da dariya. Ni kuwa ban yi dariya ba. Na dubi kalmomin nan uku a kan allo, na ga ɗakin likita, na ga bironsa da ya ajiye, na ji muryata tana faɗin abin da na faɗa da taƙama. Ban san yadda aka tashi daga makaranta a ranar ba. Kwana biyu ban iya cin abinci ba, Inna ta fara cewa ko ni ma an shafe ni ne. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma nawa ba wuyana ya ɗaure ba, na mahaifina ya ɗaure.

Ranar Asabar da hantsi na ce wa Inna zan je karɓo littafi, na nufi Sabon Gari ina tambayar gidan Misis Eze har na same shi. Na tarar da ita a tsakar gida tana gyaran kifi, daga cocin da ke bayan gidansu ana jiyo masu waƙa suna gwaji. Da ta ga fuskata sai ta wanke hannu, ta ba ni kujera da ruwa, ba ta tambaye ni komai ba sai da na sha. Na ba ta labari daga farko har ƙarshe. Na zaci za ta yi mini tatas, don ta iya. Amma tambaya ta yi mini.

"Babanki aikin me yake yi?"

Na ce injunan masaƙa yake gyarawa, ya fi shekara ashirin.

"Allah sarki. Ƙarar inji ce ta cinye masa kunne. Mijin yayata ma haka ya yi, shi a wurin niƙa. Abin da yake ji *noise* ne, 'yata, ƙara ce kawai a cikin kunne."

Na ce na kashe mahaifina da ransa. Ta ce in rufe mata baki, ba wanda ya mutu. Ta ce ita ma da nata laifin, ta shekara uku tana koya mana ma'anar kalmomi, ba ta koya mana cewa kalma tana canza nauyi idan ta shiga ɗakin likita ko gaban alƙali ba. Sannan ta ce za ta raka mu wurin likitan ranar Litinin, amma akwai abin da ba za ta yi mini ba.

"Ke za ki gaya wa babanki, da bakinki. Wannan ba a yin sa da tafinta."

Washegari bayan azahar na same shi a zaure yana zaune shi kaɗai, yana juya wata tsohuwar sifana a hannunsa. Na durƙusa na gaya masa. Sai da na maimaita sau biyu, saboda kunnen da kuma nauyin ƙwayoyin. Ya ajiye sifanar.

"Wato ba ni da hauka?"

"Ba ka da shi, Baba."

"Alhamdulillahi," in ji shi. "Wallahi Rabi, har na fara yarda."

Wannan maganar ta fi mini duka zafi. Da ya mare ni da na fi jin sauƙi.

Ranar Litinin muka koma mu uku. Misis Eze ce ta yi bayani, ni ina tsaye kaina a ƙasa. Likitan ya cire tabaransa ya dafe goshi. Ya ɗauko wani ƙarfe mai yatsu biyu, ya buga shi ya kai kusa da kunnen Baba, ya ɗora masa a bayan kunne, ya leƙa ciki da 'yar fitila, ya yi tambayoyi da yawa, kuma wannan karon duk amsar sai ya sa an maimaita masa ita ta hanya biyu. Ya ce ƙarar injuna ce ta lalata jijiyar ji, ƙarar da yake ji ba za ta tafi ba, amma hankalinsa lafiya lau yake. Ya nuna yadda za a rage ƙwayoyin a hankali har a daina. Ya rubuta sabuwar takarda, ya buga hatimi, sannan ya miƙe ya kama hannun Baba da hannu biyu ya ce da 'yar Hausarsa, "Yi haƙuri, Baba." Ya kuma gaya mana gaskiya cewa ko da wannan takardar bai kamata Baba ya koma cikin manyan injuna ba, in ba haka ba zai kurmance gaba ɗaya. Aikin dai ya tafi ke nan. Abin da takardar za ta iya dawo masa da shi sunansa ne.

Muka rabu da Misis Eze, muka kamo hanyar gida a ƙafa. Ni duk na ƙagu. Na ce idan mun isa zan tsaya a ƙofar masallaci bayan la'asar, in karanta wa kowa takardar, in fassara musu. Muna daidai Bata, cikin hayaniyar motoci da 'yan talla, Baba ya ja ni gefen wani shago ya tsaya.

"Idan kin karanta, za su tambaya yaya aka yi aka rubuta ta farkon. Me za ki ce?"

Na ce sai mu ce likita ne ya yi kuskure.

"A'a. Bawan Allahn nan abin da aka gaya masa ya rubuta. Ba zan wanke kaina da ƙarya ba."

Na ce to zan faɗi gaskiya, ni ce.

"Sai a ce me? A ce 'yar Malam Garba ta haukata ubanta da Turanci. Kin san Fagge. Baffanki gobe zai cire ki daga makaranta, ya cire ƙannenki, kuma ba ni da bakin hana shi, don shi yake riƙe da gidan yanzu. Duk wanda yake tunanin sa 'yarsa boko a layinmu zai ce ga abin da ya samu Garba. Wannan magana za ta bi ki gidan miji, ta bi 'ya'yanki. Ni na riga na ci rabin rayuwata."

Na ce, Baba, sallar fa? Ya dubi titi.

"Sallar wanda ke sahun baya ma ana karɓa," ya ce.

Ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihun rigarsa. Ya sa na yi masa alkawari, a nan bakin titi, cewa ba zan faɗa wa kowa ba muddin yana raye. Ya ce kuma in tuna shi ne ya ce murya, ba ni ba. Inna kaɗai ya gaya wa. Ita kam ba ta yi mini da sauƙi ba, ta yi kusan wata guda ba ta kiran sunana, sai dai ta ce "ke, mai Turanci". Amma ko da wasa ba ta taɓa fitar da maganar waje ba, kuma kun san bakin kakarku, wannan ba ƙaramin jihadi ba ne a wurinta.

Da ya daina shan ƙwayoyin ya dawo garau. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce ya samu sauƙi, wanda kuma gaskiya ne. Mutane suka ce Malam Garba ya warke, Allah Ya kiyaye gaba. To, wanda aka ce ya warke ai ya yi ciwon ke nan. Ya buɗe 'yar rumfa kusa da Bata yana gyaran keken ɗinki da famfon ruwa da ƙananan janareto. Da kunnen ya ƙara nauyi sai ya riƙa dafa inji da tafin hannu, ko ya kafa masa sukudireba ya jingina ƙeyarta a bayan kunnensa, ya faɗi abin da ke damun sa. Mutanen da suke kawo masa injunansu suna rantsuwa da gwanintarsa su ne dai ba su sake tura shi gaba a masallaci ba. Ba a sake neman sa ya zama shaida a ɗaurin aure ba. Ranar nawa auren ma Baffa Sani ne ya yi waliyyi, Baba yana zaune a gefe, wai don kada a ɗora masa nauyi. Shekara ashirin da wani abu ya yi a haka, ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Ni na gama makaranta na zama malama, ƙannena biyu ma suka gama, ɗaya daga cikinsu ita ce gwaggonku ma'aikaciyar jinya. A layinmu kuwa kafin in yi aure 'yan matan da ke fita da safe da kayan makaranta sun fi ƙarfin a ƙirga su da yatsu.

Kun sha yi mini tsiya cewa na cika takura a kan kalma, ba a isa a ce *noise* a gabana inda ya kamata a ce *sound* ba. Ɗalibaina ma haka suke cewa, shekara talatin ina buɗe zangon farko da waɗannan kalmomi uku, suna mamaki. Yanzu kun san dalili. Akwai kuma abin da ya kamata in faɗa a kan kaina. Alkawarin da na yi ya ƙare ranar da aka kai shi makwancinsa. Duk shekarun da suka biyo baya ba alkawari ne ya rufe mini baki ba, kunya ce. Na saba da a ce Hajiya Rabi gwanar Turanci, ban so a ji wannan ba. Shi ya ɗauki sunan da ba nasa ba saboda ni, ni kuma na bar masa shi har bayan ransa, sai ga shi ya faɗo a kan 'yata, abin da ya guje wa tun farko.

A watanninsa na ƙarshe kusan ba ya jin komai sai an kai baki kusa da kunnensa. Wata rana na je gaishe shi da yamma, ya sa aka ɗauko masa wani gwangwani daga ƙarƙashin gado, ya ciro takardar nan, ta yi ja saboda daɗewa, ya sa mini a hannu. Sannan ya nuna kunnensa yana murmushi.

"Malama, wannan da ke ciki, me kika ce sunansa da Turanci?"

Na sunkuya na ce, "*Noise*, Baba."

"Naki fa?"

"*Voice*."

"To ci gaba da magana. Idan kina yi, wancan yana raguwa."

Takardar tana cikin akwatina, a ƙarƙashin mayafan Inna. Nura, kai ne babba. Ranar Juma'a mai zuwa za ka ɗauke ni a mota mu je Fagge, Fa'iza ma ta shirya. Za mu aika a kira dattijon nan da duk wanda ya rage daga mutanen Baba, da wakilin dangin yaron idan sun yarda. Zan tsaya a ƙofar masallacin bayan la'asar, inda na so tsayawa ina 'yar shekara goma sha shida, in karanta musu ita. Ni zan fassara, kuma idan suka tambaya yaya aka yi aka rubuta ta farkon, zan gaya musu.